Isnadin Duwatsu: Daga Shadawanka Zuwa Taskokin Jami'o'i

Yaron da ya tashi a Shadawanka, ko aikin soja ne ya kawo mahaifinsa barikin da ke ɗauke da sunan wurin, ko kuwa asalin iyayensa ke nan tun kafin a kafa bariki, babu abin da idonsa ya saba da shi tun yana rarrafe kamar dutse. Domin kuwa birnin Bauchi, tun ranar da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zaɓi wurin ya kewaye shi da ganuwa a farkon ƙarni na 19, a tsakanin duwatsu yake zaune, su ne garkuwarsa a zamanin yaƙi, su ne kuma alamarsa ga matafiyi tun daga nesa. To, sabo turken wawa ne, in ji masu iya magana. Abin da mutum ya buɗe ido ya tarar a ƙofar gidansu, da wuya ya tsaya ya tambayi asalinsa, sai fa ranar da baƙo ya zo daga uwa duniya ya durƙusa a gabansa da guduma da alƙalami, ya ɓalli ɗan guntu ya naɗe a takarda kamar wanda ya tsinci zinariya.

A jikin dutsen Shadawanka akwai zanen dabbobi, musamman shanu, wanda mutanen da suka riga mu zama a wannan ƙasa suka bari, irin wanda aka samu a Geji da Shira da Birnin Kudu, kuma hukuma ta sa shi cikin jerin kayan tarihin da dokar Nijeriya ta kare. Wanda ya tsaya a gaban irin wannan zane ya natsu zai ga cewa ilmin ma'adinai ya daɗe a nan ƙwarai. Gama mai zanen, kafin ya ɗora hannu a kan fa, sai da ya san wace ƙasa ce za ta ba shi launi, ya san inda ake haƙo ta, da yadda ake niƙa ta a kwaɓa, ya kuma zaɓi fuskar dutsen da ruwan damina ba ya wanke ta. Hausawa ma haka suke: maƙeri ya san tama ya bambanta ta da marmara, mata sun san kwalli da koya da farar ƙasa, fatake sun san gishirin Bilma da jar kanwa da ungurnu, manomi kuwa idan ya tono wani gogaggen dutse mai baki kamar na gatari sai ya ce gatarin aradu ne, ya adana shi, alhali kuwa makami ne da mutanen dauri suka sassaƙa tun kafin su san ƙarfe.

Mafi shahara a cikin wannan sani shi ne na maƙeran dalma na Liruwen Kano da Liruwen Dalma, waɗanda suke wanke kuza daga yashin rafi, su narkar da ita da gawayi da zuga-zugi, sa'an nan su zuba narkakken a cikin siraran gurabun da suka yi da tsinken ciyawa, ta fito sili-sili kamar tsinken tsintsiya, a ɗaure ta dami-dami a kai kasuwar Kano da Bida, inda maƙeran fari suke gauraya ta da jan ƙarfe. Wannan ilmi ne tabbatacce, an gwada shi an ga amfaninsa ƙarni bayan ƙarni. Illa dai a ƙirjin masu sana'a yake da tafukan hannuwansu, uba ya ba ɗa, ɗa ya ba jika, kuma ranar da wutar maƙera ta mutu sai ya bi ta.

Malaman Musulunci na farko sun ɗauki wata hanya dabam, wato ta rubutawa da aunawa. Abu Raihan al-Biruni, a ƙarni na 11, ya wallafa littafi a kan sanin jauhari da ma'adinai, inda ya auna nauyin kowane dutse ya gwada shi da nauyin ruwa daidai girmansa, da irin tahakikin da har yau masana suke mamakinsa. Ibnu Sina, wanda ya yi zamani da shi, ya ba da labarin wani gungumen ƙarfe da ya faɗo daga sama a ƙasar Juzjan, wanda Sarki Mahmudu na Gazna ya aika a kawo masa, aka sha wahala kafin a gutsuro masa yanki, aka kuma nemi a ƙera takobi da shi ya gagari maƙera. Abin lura a nan shi ne Ibnu Sina ya faɗi wurin da abin ya auku da mutumin da ya shaida masa, kamar yadda malaman hadisi ba su karɓar matani sai da isnadi. Wannan kuwa ita ce ƙa'idar da dukan taskokin duwatsu na duniya suka ginu a kanta: dutsen da ba a san inda aka ɗauko shi ba, ko wanda ya ɗauko shi, ko ranar da aka ɗauko shi, daidai yake da riwayar da ba ta da maruwaici, komai kyansa ba a kafa hujja da shi.

Jami'o'in Turai sun fara tara duwatsu ne don koyarwa, musamman bayan da aka kafa makarantar haƙar ma'adinai a Firaibag ta ƙasar Jamus a 1765, aka gane cewa ɗalibi ba ya sanin ma'adini da karatun sifarsa a littafi sai ya riƙe shi, ya ji nauyinsa, ya karce shi da wuƙa ya ga launin garinsa. Amma game da duwatsun da ke faɗowa daga sama, masanansu sun daɗe suna ƙaryata talakawan da suka ce sun gani da idonsu, suna ɗaukar maganar camfin ƙauyawa, har Ernst Chladni ya fito a 1794 ya ce gaskiya ne kuma daga wajen duniya suke zuwa. Gardamar ba ta mutu ba sai a watan Afrilu na 1803, watanni goma kafin hijirar Shehu zuwa Gudu, lokacin da duwatsu kusan 3,000 suka zubo da rana tsaka a kan wani gari na Faransa mai suna L'Aigle, aka aiki masani Jean-Baptiste Biot ya bi gida-gida yana jin shaidu, ya dawo da hujjar da ba ta musantuwa. Daga nan aka shiga rige-rigen tara su, ta yadda Jami'ar Yale ta Amurka ta fara tata taska da dutsen da ya faɗo a Weston a 1807, Jami'ar Jihar Arizona kuwa ta sayi babban kaso na tarin Harvey Nininger a 1960 ta kafa cibiya sukutum a kansa.

Wannan al'ada ta tara duwatsu ta iso ƙasarmu ne a bayan mayaƙa da 'yan kasuwa. Silin dalmar nan ta Liruwai ita ce ta jawo hankalin Kamfanin Neja, har bayan da Turawa suka ci Bauchi a 1902 ma'aikatansa suka bi sawunta zuwa Tilden Fulani da Naraguta, a kan tudun da a wancan zamani ake kira tudun Bauchi, yau kuma ake ce masa na Jos. A 1904 aka kafa ƙungiyar binciken ma'adinan Nijeriya ta Arewa, wadda John Falconer ya jagoranta, suka shekara biyar suna ratsa ƙasa bisa dawakai da 'yan alaro, suna ɓallar duwatsu suna sa musu lamba, suna cika akwatuna suna aikawa Landan a gwada. A 1911 kuwa Falconer ya fitar da littafinsa a kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewa, a ciki har da bayanin wani dutse mai duhu da ya gani a kewayen birnin Bauchi. A 1919 aka kafa Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, wadda daga baya ta yi mazauni a Kaduna ta kuma tara nata samfura a can. Sai dai a duk tsawon wannan zamani ɗan ƙasa shi ne mai nuna hanya, shi ne mai ɗaukar akwati, shi ne mai haƙa da wanke kuza a kududdufi, amma sunan da ke kan takardar samfur na wani ne.

Wanda ya fara juya wannan al'amari shi ne Mosobalaje Oyawoye, mutumin Offa, wanda ya yi karatun digirinsa na ƙoli a Jami'ar Durham ta Ingila a kan duwatsun yankin Bauchi, ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya kuma zama farfesan ilmin duwatsu a 1966, na farko a cikin 'yan Nijeriya. Shi ne ya koma wa dutsen nan da Falconer ya ambata, ya bi shi da nazari, ya tabbatar da cewa ya sha bamban da danginsa, ya bayyana shi a 1961, sa'an nan a 1965 a cikin mujallar Nature ya raɗa masa suna bauchait, wato dutsen Bauchi; kuma da wannan suna ake kiransa yau a littattafan masana ko'ina a duniya.

Idan an ba ka guntun wannan dutse a hannu, ka juya shi ta gefen da rana da ruwa suka daɗe suna dukansa, ba za ka ga komai ba sai ɓawo mai launin ƙasa kamar na kowane dutse. Amma in ka duba sabon fashi, sai ka ga kore mai duhu, da manyan ƙwayoyi masu ɗaukar ido. Masu wannan fanni sukan yanko ɓalli daga jikinsa, su manna a kan gilashi, su yi ta gogawa har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita ɗaya, ya fi gashin kai siranta, haske yana ratsa shi. Sa'an nan su sa shi ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sai kowace ƙwaya ta fito da launinta kamar an baza tufafin rini a bakin marina. A nan ne ake ganin abin da ya ba Oyawoye sha'awa, wato wani ma'adini mai yawan ƙarfe da ake kira fayalait yana zaune kafaɗa da kafaɗa da farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara, alhali dangin fayalait, in magnisiya ta rinjaya a cikinsu, ba sa haɗa mazauni da shi ko kaɗan. Yawan ƙarfen ne ya sa zaman ya yiwu. Masana sun ƙiyasta shekarun wannan dutse da kimanin miliyan 600, tun lokacin da ya daskare sannu a hankali a can ƙarƙashin ƙasa kafin zaizaya ta tone shi. Ga shi kuwa ana fasa duwatsun kewayen Bauchi kullum ana loda tsakuwa a tifa don gini, kuma da wuya ka sami mai fasawa ko mai saye da ya taɓa jin cewa akwai dutsen da ke amsa sunan garinsu.

Wannan ke nan game da abin da ƙasa ta fitar. Saura abin da sama ta jefo, wanda labarinsa ya fi ban mamaki, ya kuma fi ban takaici. Ranar 3 ga Oktoba 1962, ana gobe za a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wani manomi yana korar hankaki daga gonar masararsa kusa da dutsen Zagami a lardin Katsina, sai ya ji ƙara kamar ta aradu, iska ta buge shi, ya ga ƙura ta tashi kimanin ƙafa goma daga inda yake tsaye. Da tsoro ya sake shi ya matsa, sai ya tarar da baƙin dutse a cikin rami mai zurfin kamar ƙafa biyu. Nauyinsa kilo 18 ne. Aka kai shi Kaduna wurin Hukumar Binciken Ƙasa, aka rubuta ranar da wurin da yadda abin ya auku, wato aka ba shi isnadi, ya zauna a taskarta shekara da shekaru ana kallonsa a matsayin ɗan'uwan wani dutse da ya faɗo a Shergotty ta ƙasar Indiya a 1865.

Asirinsa bai tonu ba sai bayan da kumbunan Viking na Amurka suka sauka a duniyar Mirrihu, wadda ake kira Mas, a 1976, suka auna iskar da ke lulluɓe da ita. A 1983 aka tarar da irin wannan iska a kulle cikin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika, a 1995 kuma aka same ta a cikin ƙananan aljifan narkakken gilashi da ke jikin na Zagami, sai ya tabbata cewa dutsen da ya kusa faɗa wa manomin Katsina yanki ne na wata duniya: ya daskare daga aman wuta a can kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, wani babban karo ya cilla shi sarari, ya yi ta shawagi kusan shekara miliyan uku, kafin ƙaddara ta sauke shi a gonar masara. A ƙarshen shekarun 1980 wani ɗan kasuwar irin waɗannan duwatsu daga Amurka, Robert Haag, ya sami babban yanki daga cikinsa ta hanyar musaya, aka yayyanka shi ya bazu a jami'o'i da gidajen tarihi da hannun masu sha'awa. Har a 1996 aka maƙala ɗan ƙwaya daga jikinsa a kumbon Mars Global Surveyor, aka mayar da shi kewayen duniyar da ya fito. Duk wannan daraja kuwa daga 'yar takardar nan ta Kaduna ta samo tushe.

Dutsen Gujba bai yi wannan dace ba. Da yammacin 3 ga Afrilu 1984 mutanen Bogga Dingare, a yankin Gujba da yau yake cikin Jihar Yobe, suka ga wuta ta keto sararin sama, suka ji fashewa, dutse ya faɗa a gona. Kafin masana su iso an sa masa guduma an farfasa shi, kowa ya ɗauki rabonsa, ta yadda nauyinsa na asali sai dai ƙiyasi, kimanin kilo 100. Jami'ar Maiduguri ta sami kimanin kilo 12, malamanta suka fara bayyana shi, daga baya kuma ya tabbata cewa yana cikin wani jinsi mai wuyar samu ƙwarai, kuma shi ne na farko a jinsin da aka ga faɗowarsa da ido. Wanda ya ga yankakken Gujba da aka goge ba ya mantawa da shi, gama cike yake da dunƙulallun ƙwallayen ƙarfe masu walƙiya, kamar an zuba harsasai a cikin baƙar laka ta daskare. Amma ƙarfen da bai taɓa sanin danshi ba tun farkon halittarsa, da zarar ya shaƙi iskar damina sai tsatsa ta kama shi ya soma marmashewa, kuma haka ta sami yawancin abin da ya rage a gida. Wannan ya nuna cewa ajiye dutse a kan kanta bai isa a kira shi adanawa ba, sai an haɗa da busasshen mazubi da ma'aji mai lura da kuɗin da ba ya yankewa.

Tsakanin waɗannan biyu da bayansu sama ba ta daina aiko mana baƙi ba: na Kabo a ƙasar Kano a 1971, na Mayo Belwa a 1974, na Katagum a cikin Jihar Bauchi kanta a 1999, na Kilabo kusa da Haɗejiya a 2002, na Maigatari a 2004. Yanzu kuwa kasuwa ta buɗe ido, dillalai suna riga malamai isa ƙauye. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutsen Mirrihu a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar, mai nauyin kusan kilo 25, wanda ya zarce na Zagami girma. A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjonsa a gidan Sotheby's na birnin New York a kan dala miliyan 5.3, sa'an nan gwamnatin Nijar ta tashi tana binciken yadda aka yi ya fita daga ƙasar. Ihu ne bayan hari, amma ko ba komai ya farkar da masu barci.

Fa'idar da ke cikin wannan tarihi a bayyane take. Bauchi tana da jami'ar da aka kafa a 1980 don ilmin fasaha, wadda tun 1988 take tsaye da ƙafarta da sunan Abubakar Tafawa Balewa, ana kuma koyar da ilmin duwatsu a cikinta. Zariya da Jos da Maiduguri da Kano su ma suna da nasu sassan. Haƙƙi ne a kan waɗannan jami'o'i su ɗauki taskar duwatsu da irin girman da suke ba ɗakin karatu, su ware mata ɗaki da ma'aji da littafin rajista, su jera bauchait kusa da kuzar Liruwai da kwalli da kanwa da gatarin aradu, kowanne da sunansa na Hausa a gefen na masana, sa'an nan su buɗe ƙofa ga 'yan makaranta da maƙera da masu haƙar ma'adinai, domin kowanne daga cikinsu yana da abin da zai koya, yana kuma da abin da zai koyar. Haƙƙi ne a kan masu hali su tuna cewa waƙafi bai tsaya ga rijiya kaɗai ba, ilmin da ake amfana da shi ma sadaka ce mai gudana.

Kai kuma mai karatu, idan Allah ya nufa wata rana ka ga wuta ta ratsa sama dutse ya faɗo a gonarku, kada ka bari a sa masa guduma, kada a wanke shi da ruwa. Ka rubuta ranar da sa'ar da wurin da sunayen waɗanda suka gani, ka naɗe shi a busasshen ƙyalle mai tsabta, ka sanar da mai unguwa, ku kai shi sashen ilmin duwatsu na jami'ar da ta fi kusa da ku, ku karɓi takardar shaida. Kafin wannan rana ta zo kuwa, ka nemi izinin masu kula da wurin ka kai 'ya'yanka su ga zanen Shadawanka, ka gaya musu cewa a cikin duwatsun da suka kewaye garinsu akwai wanda duniya ta sani da sunan Bauchi. Allah ya sa mu gane darajar abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu tun yana hannunmu, amin.